Amsa ga Kawu kan mura da kafso, muryar da aka turo guruf ɗin dangi daga Gusau

Assalamu alaikum. Kawu, na saurari muryarka, wai da mi jiki ke faɗa da ƙwayar bairos. Ni dai na san inda ka dosa, haushin likita kake ji da ya sallame ka da farasitamol kan murar hunturun nan, ya hana ka kafso. To, Allah shi ba ka haƙuri, gaskiya gare shi.

Ita bairos ba ta iya hayayyafa a waje. Sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar jikinka, irin waɗanda ke shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro, ta sa ta ƙera mata 'ya'ya. Kafson da kake so bangon bakteriya yake fasawa, bairos kuwa ba ta da wanga bango. To mi zai fasa?

Faɗan farko a cikin ƙwayar halittar jikinka ake yin shi, tun kafin sojojin jini masu gane takamaiman cuta su shirya, don su sai an yi mako guda ko fiye. Akwai furotin masu gadi, ɗaya ana ce mishi RIG-I. Da ya ci karo da RNA, wato zaren da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, mai siffar da ba tamu ba, sai ƙwayar jikin ta fara fitar da wani furotin, intaferon. Kamar ihun ɓarawo ne cikin dare: gidan da anka shiga an riga an shiga, amma maƙwabta sun ji, kowa ya kulle nashi. Duk ƙwayar da intaferon ya taɓa sai ta tada furotin ɗaruruwa. Akwai PKR, shi tsayar da ƙera furotin yake yi ɗungurungum, har da na ita ƙwayar, kowa ya rasa. Akwai RNase L mai daddatse RNA. Ƙwayar ma takan kashe kanta don abin ya tsaya nan. Kuma ba sabon ilimi ba ne, tun 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann sunka gano intaferon a Landan, suna gwajin bairos ɗin mura mai tsanani a fatar cikin ƙwan kaza.

Zazzaɓin nan da ciwon gaɓɓai da kake kuka da su, Kawu, da yawansu aikin jikinka ne. Shaida, masu ciwon hanta da ake yi wa allurar intaferon, su ma haka suke kwana da rawar sanyi da ciwon jiki, alhali ba mura ta kama su ba.

Amma ku je ku faɗa wa mai kemis ɗin unguwarmu wanga zance. Mutumin nan, yaro ya yi atishawa sau biyu, ya ƙirgo kafso ja da baƙi guda uku a ƙullin leda. Guda uku fa! Ko da bakteriyar ce, uku mi za su yi in ba koya mata jure magani ba? Bara haka ya ɗura wa ɗiyar ƙanwata, murar ta tafi a lokacin da dama za ta tafi, uwar tana ta shi mishi albarka. Na yi magana anka ce boko ya yi mini yawa, har yau in mun haɗu a masallaci gaisuwar sama-sama ce. Kai, bari dai in bar shi.

Ina nike... yawwa. Kar kuma a ɗauka kullum jiki ke cin nasara. Ƙwayar ƙanjamau tana da furotin nata, Vif, mai lalata wani mai gadinmu, APOBEC3G. A 2008 anka gano tetarin, wanda ke ɗaure sababbin bairos a jikin ƙwaya ya hana su fita, ita kuwa ƙanjamau ta tanadi Vpu ta kawar da shi. Lokacin korona ma, binciken 2020 ya nuna kusan ɗaya cikin goma na waɗanda cutar ta kai gargara, garkuwar jikinsu ce ke kashe musu intaferon, kuma yawancinsu maza ne.

Don haka Kawu, sha ruwa da yawa, ka kwanta, a daina fita shago da asuba cikin ƙurar nan. In numfashi ya fara yi maka wuya, ko zazzaɓin ya wuce kwana uku bai sauka ba, a koma asibiti a auna jini, don maleriya ma haka take farawa. Inna, ki ɓoye mishi makullin mashin.