Abin da ya sa muke tambayar baƙo garinsu a Jos

Ƙanina, ka ce abu ɗaya ya ɗaure maka kai a zuwanka Jos. Duk wanda kuka gaisa da shi, tun bai ji sunanka ba sai ya ce, "Malam mutumin ina ne?" In ka ce Kano bai gamsu ba, sai ya ƙara da "Kano ta ina?" Ka ce a wajenku wannan bin diddigi ne, kuma ka rasa dalilin da zai sa dattijo da furfurarsa ya zauna yana kuranta ƙauyen da rabonsa da shi tun yana yaro. Tambayarka tana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka yi ta a fili.

A cikin birnin Kano ba ka buƙatar tambayar nan. Da an ce ɗan gidan wane ne a Yakasai ko Mandawari, magana ta ƙare, an san kakansa, an san sana'ar gidansu. Mu kuwa kakanninmu haƙar kuza ce da kasuwanci suka tara su a kan dutsen nan, kowa daga uwa duniya. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, mutane suka yi ta kwararowa Naraguta da Bukuru da Barikin Ladi. A lokacin yaƙin duniya na biyu ma, daga 1942 zuwa 1944, Turawa tilas suka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Saurayin da aka sauke a bariki da 'yar taguwa ɗaya, haƙoransa na kaɗawa, me zai fara nema? Mutumin garinsu. Shi zai ba shi masauki, ya tsaya masa wajen mai abinci, ya kai saƙonsa gida, in ta Allah ta kasance ya yi masa sutura. Duba sunayen mazaɓunmu a Jos ta Arewa, akwai Ali Kazaure, akwai Ibrahim Katsina. Mutum da garinsa a haɗe aka san shi, a haɗe kuma aka bar sunan.

Har gobe tambayar tana aikinta. Da ita ake binciken aure, da ita ake ba baƙon ɗan kasuwa kaya bashi. Amma ba don amfanin kaɗai muke yi ba, akwai daɗi a ciki, kuma daɗin na fi so ka gane.

Ka je teburin mai shayi a bakin kasuwar Farin Gada bayan sallar asuba a watan Disamba. Direba ya sauke kaya, ya naɗe kai da rawani, ya riƙe kofi da hannu biyu yana ɗumama yatsu, ba ya kula kowa. Sai wani tsoho mai sayar da kabeji ya ce, "Direba, daga ina?" Ya ce Kabi. "Kabi ta ina?" Ya ce Aliero, murya ƙasa-ƙasa, don ya ɗauka ba wanda ya san ta. Tsohon ya ajiye burodinsa ya ce, "Garin albasa! Garin masu ɗori!" Ka ga fuskar direban nan ta washe. Ya gyara zama, ya fara bayanin yadda ake ajiye albasa a rumfa ta yi watanni, da yadda ake kawo masu karaya daga nesa a ɗora su. Kafin shayi ya huce tsohon ya biya masa kuɗin, shi kuma ya yi alkawarin kawo masa albasa in ya dawo. Da asuba ba su san juna ba.

Abin yana da ƙa'idarsa, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana. Kai mai tambaya kai za ka fara yabon garin baƙo da ɗan abin da ka sani, shi kuma ya gyara maka ya ƙara. In ya ce Wudil, ka ce kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a. In ya ce Maigatari, ka ambaci kasuwar dabbobi ta Alhamis a bakin iyakar Nijar. Kura, rini da shinkafa. Daura, rijiyar Kusugu. Mutumin Ririwai kuwa ba ya jira a yabe shi a Jos, shi zai tuna maka cewa mutanensu suna narka kuza tun Turawa ba su zo ba, kuma gaskiyarsa ce. Ba a kushe garin mutum sai in akwai wasa tsakani, kamar Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare. Wannan kam a yi ta yi, ba mai fushi.

Shi ya sa "Kano" kawai ba ta isar mu. Kano ta kowa ce, ba abin da zan faɗa maka a kanta wanda ba ka ji ba sau dubu. Ƙaramin gari kuwa, in na san abu ɗaya nasa, na nuna wa mai shi cewa inda aka binne cibiyarsa ba a ɓace yake ba. A ganina wannan karramawa ta fi shayin da za a saya masa.

Ka kuma tambaya, to mu ɗin 'yan ina ne, tunda ga shi muna kiran kanmu Jasawa. Duka biyun ne, 'yan Jos kuma 'yan garuruwan kakanninmu, kuma ba mu ga karo a ciki ba. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne shi, ni ma nan na sani. In muka haɗu da ɗan Jos a Kwari ko a tashar Abuja, sai ka ga mun koma yin abin nan da kanmu. Ɗan wace unguwa, Gangare ko Rikkos ko Unguwar Rogo? Sai hirar sanyi, da dankalin Turawan Bokkos, da kasuwar Taminus kafin gobarar 2002. Sai a tuna cewa a Jos Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978, kuma Ahmed Musa da ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018 ɗan garinmu ne. Kuna yi wa Hausarmu dariya, mun sani, mu kuwa da ita muke gane juna a cikin taro.

Maƙwabtanmu Birom da Jarawa da Anaguta ma da su ake yi, kuma da Hausa ake yi. Ɗan Vom zai gaya maka cewa cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana garinsu tun 1924, ɗan Kuru ya ce manyan ƙasar nan garinsu suke zuwa kwas tun 1979. In ka riga shi faɗa, ka yi aboki.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai lokutan da tambayar nan ta zama abin tsoro a garin nan. A rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, an tare mutane a hanya an tambaye su su waye, kuma amsar ta ci rayuka ta kowane ɓangare. Unguwanni sun rabu, wasu har yau ba su koma yadda suke ba, maganar ɗan ƙasa da baƙo kuma tana nan ba a warware ta ba. Saboda haka yanzu muna kula da inda muke tambaya da yadda muke yi. Ba a yi wa mutum ita a bakin hanya da dare, ba a yin ta fuska a murtuke. Sai an gaisa, an zauna, an miƙa masa abin sha. Yaran da suka tashi bayan rikicin sun fi mu ɗari-ɗari, shi ya sa nake jan nawa zuwa teburin shayi su ji yadda manya ke yi.

In Allah ya sake kawo ka, aka ce "Kano ta ina?", kada ka tsaya a birni. Ka faɗi ƙauyen da kakanka ya fito, ko da gida goma ne a cikinsa. Ka taho da rigar sanyi mai kauri, ka kuma tambayi babanka sunan ranar kasuwar garin kafin ka taso, don za a tambaye ka.