Ɗaci ba ya wanke sukari daga jini

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 44. Da safe ina shan shayi da sukari cokali huɗu, da rana kuma lemon roba biyu saboda zafi. Kwanan nan da an yi azahar sai barci ya sace ni a shago, ga mantuwa, har lissafin yadi sai na maimaita. Ciwon sukari ne ajalin mahaifina, shi ya sa hankalina ya tashi. Na fara shan wani jiƙo mai ɗaci da aka ce yana wanke zaƙi. Shin sukari ya taɓa min ƙwaƙwalwa ne? Kuma jiƙon ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinka.

Tunda kai mutumin lissafi ne, mu fara da shi. Ƙaramin cokali na ɗaukar sukari kamar giram 4. Robar lemo mai gas ta rabin lita na ɗauke da wajen giram 50, cokali 12 zuwa 13 ke nan. Haɗa roba biyu da shayin safe, kana shan kusan cokali 30 kullum, ba a ma zo kan kunu da burodi ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a shida ya fi.

Gaskiya ne ƙwaƙwalwa da gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, take aiki. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Sai dai tuwo da shinkafa da wake sun ishe ta, in ka kwana ba ka ci ba ma hanta na ba ta. Sukarin lemo kuwa da gudu yake shiga jini, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don rage sukarin jini, ya taso ya kwashe shi, bayan awa ɗaya ko biyu ka ji jiki ya mutu, kana neman wata robar. Ƙwaƙwalwa na sakin dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da jin daɗi da sha'awa, idan an sha zaƙi, shi ke sa rai ya riƙa biya maka. Barcin bayan azahar da ɗan rikicewar lissafi ba su nuna ƙwaƙwalwarka ta lalace ba. Abin tsoron na shekaru ne: sukarin da ya daɗe sama a jini yana ɓata ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa da ƙwaƙwalwa, yana kusanto da shanyewar ɓarin jiki da mantuwar tsufa.

Yanzu jiƙon nan. Wallahi wannan magana ta "wanke zaƙi" ta ishe ni, babu ranar da ba na jin ta a ɗakin duba marasa lafiya. Mutane sun ɗauka jini kamar kofin shayi ne, in zaƙi ya yi yawa a ɗiga ɗaci ya daidaita. A harshe ake jin ɗaci da zaƙi, Alhaji. Da abu ya wuce maƙogwaro zancen ɗanɗano ya ƙare, insulin ne babban mai buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Ko tulu guda na maɗaci ka shanye ba zai goge lemon da ka sha da rana ba.

Za a ce min ai an yi bincike kan shuwaka da garafuni. An yi, yawanci a kan ɓeraye, kuma da awo sananne. To wane awo mai mota da lasifika yake yi? Wanda a kwalba ɗaya yake sayar da maganin zaƙi da basir da sanyi da taifot da ƙarfin maza, bai taɓa auna jinin kowa ba, gobe kuma ya tayar da mota ya koma wata kasuwar. In ƙodarka ta tsaya, a ina za ka same shi?

Ɓarnar iri biyu nake gani. Wani ya ajiye metformin ɗinsa, ƙwayar ciwon sukari ta asibiti, ya rungumi jarkar jiƙo, bayan wata shida a kawo shi da gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Wani kuma ya haɗa jiƙon da maganin asibiti ko allurar insulin, bai ci abinci ba, sukari ya faɗi ƙasa, ya fara gumi da karkarwa da sambatu, 'yan'uwa su ce iska ce a tafi wajen ruƙiyya. Nan ne sukari ke taɓa ƙwaƙwalwa nan take, don rashinsa na iya sumar da mutum ya bar masa illa. Abin takaici, wanda ya ba shi jiƙon galibi masoyinsa ne, aboki a majalisa ko maƙwabcin shago. Ku ji tsoron Allah, jama'a, kada ka miƙa wa ɗan'uwanka abin da kai ma ba ka san me ke ciki ba. Masu canza sukari da zuma ko mazarƙwaila ma su sani, kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne.

Kai dai ga gado ga cokali 30, gwaji ya kama ka. Ka kwana awa takwas ba ci, ka je a auna da safe. A ma'aunin mg/dL, ƙasa da 100 lafiya lau, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 ko fiye a gwaji biyu ciwon sukari ne. A duba hawan jini da ƙoda a lokaci guda. Ka mayar da lemon ruwan sanyi, shayi ka rage cokali ɗaya duk mako. Jiƙon ka daina sha daga yau, amma kada ka zubar, ka tafi da kwalbar likita ya gani.