Me ya sa masu sharhi ke ta kambama Madvillainy?

Ɗan'uwa, ka ce ka saurari kundin waƙoƙin rap ɗin nan Madvillainy ka ji kamar ba a gama shi ba, amma masu sharhi sai kambama shi suke. To, abin da ya dame ka ɗin shi ya burge su.

Kundin mawaƙi MF DOOM ne da mai haɗa kiɗa Madlib, kamfanin waƙa na Stones Throw ya fitar a Maris 2004. Waƙa 22 cikin minti 46, yawancinsu ba su kai minti uku ba, kuma kusan babu amshi. DOOM zai zubo baitinsa, kiɗa ya yanke, shi ke nan. Madlib ya haɗa da yawa daga kiɗan a ɗakin otal a Brazil, da ƙaramar na'urar haɗa kiɗa ta SP-303 da tsofaffin faya-fayai, shi ya sa kake jin ƙarar garmaho a ƙasa.

Kafin fitowarsa an saci rikodin farko an baza a intanet. DOOM ya sake ɗaukar muryarsa, ya sassauta ta. Wannan kasalalliyar muryar ce aka sani yau.

A kasuwa bai wuce lamba 179 a jerin Billboard 200 na kundayen da suka fi ciniki a Amurka ba, amma mujallar sharhin waƙa ta Pitchfork ta ba shi maki 9.4 cikin 10. Sa abin kunne, ka bi shi a jere, kada ka tsallake.