Me ya sa suke kashe wa dardumar fitila?

Ka ce ka ga dardumar nan ta Ardabil a waya, an shimfiɗa ta cikin gilashi a gidan tarihi na V&A da ke Landan, sai a kunna mata fitila minti 10 kuma a kashe, kana tambaya wai ko rowar wuta ce. To ɗana ba rowa ba ce wallahi, haske ne ke cin rini, kai da kanka ka san abin da rana ke yi wa shadda in aka manta ta a kan igiya, balle kayan da aka saƙa tun 946 bayan hijira, wato wajen 1539 zuwa 1540, zamanin Shah Tahmasp, sarkin Farisa, wato Iran ta yanzu. Shekarar na jikinta a saƙe, har da sunan Maƙsud Kashani, wanda rubutun ya ce aikinsa ne. Shi ya sa duk bayan rabin awa suke haska ta kaɗan kawai.

Kuma haske ba launi kaɗai yake ci ba, har zaren yake gajiyarwa. Gashin saman ulu ne, shi ke shan rini da kyau, amma zaren gindin da aka ƙulla ulun a kai siliki ne, shi kuwa siliki in ya tsufa ya sha haske tsintsinkewa yake, kuma abin da ya koɗe ya koɗe ke nan, ba a mai da irin wannan kaya karofi. Tsawonta ya haura mita 10, ƙulli miliyoyi duk da hannu, wa zai sake maka?

Ai ma biyu ne asalinsu, daga hubbaren Shehu Safiyuddin a garin Ardabil da ke Iran, aka yanki ɗayar aka yi wa wannan faci kafin gidan tarihin ya saye ta fam 2,000 a 1893, ragowar tana Los Angeles. Ni dai wannan yankan bai kwanta min ba.

In ka koma kallon, ka ƙura wa shuɗin tsakiyar ido, za ka ga wani wuri ya yi duhu wani ya ɗan buɗe. Baba ce ta rini, irin tamu, rawayan kuma har da ɓawon rumman, kuma ba tsoma ɗaya aka yi wa ulun ba, kowane ƙunshi da yadda ya sha. Ku yaran yanzu da kun gani sai ku ce rini ya lalace, ni kuwa nan nake fara dubawa in aka ce min kaya na hannu ne.