Tambaya da Amsa: Kalmomin Kuzari, Jarumta da Sanyin Jiki a Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da ke shirin rubuta jarrabawar WAEC, kuma ina yawan cin karo da “spirited”, “plucky” da “in low spirits” a darasin Turanci. Ƙamusuna ya ce “spirit” na nufin ruhi ko aljani, amma idan na ɗora wannan ma'ana a kan jimla sai ta ƙi zama. Kuma shin “low spirits” da “depression” abu ɗaya ne? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙamus ɗinki bai yi kuskure ba, sai dai ya tsaya a ma'ana ɗaya alhali kalmar tana da rassa da yawa. Asalinta daga Latin ne, “spiritus”, wato numfashi, kuma tun da numfashi shi ne alamar rai, sai kalmar ta yaɗu ta ƙunshi ruhi, da aljani, da kuzarin da ke motsa mutum, har da sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin a yi allura. Saboda haka idan aka ce yarinya “spirited” ce, ana nufin tana da karsashi da kazar-kazar, ba ta yarda a danne ta. Idan aka ce mutum yana “in high spirits”, yana cikin walwala da fara'a, idan kuwa yana “in low spirits”, to jikinsa ya yi sanyi. Ki lura da harafin “s” na ƙarshe, domin a irin wannan magana ta yanayin zuciya da jam'i ake amfani, kuma ɗalibai kan yi asarar maki a nan.

Kalmomin jarumta kuwa yawancinsu daga cikin jikin mutum aka ɗauko su. “Courage” ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tushenta kuma “cor” ne, zuciya a Latin, daidai da yadda muke cewa ƙarfin zuciya. “Pluck” a da sunan kayan cikin dabbar da aka yanka ne, wato zuciya da hanta da huhu, kafin ta koma nufin ƙarfin hali. A ganina “plucky” ta fi daɗin ma'ana a cikinsu, domin ba a faɗinta ga babban mayaƙi, sai ga ƙarami ko mai rauni da ya tunkari abin da ya fi ƙarfinsa bai karaya ba.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, kuma amsar ita ce a'a. “Low spirits” sanyin jiki ne na ɗan lokaci, irin wanda kan biyo bayan faɗuwa jarrabawa ko asara a kasuwa, ya wuce da kansa. “Melancholy” ta fi shi zurfi da daɗewa. Daga Girkanci take, ma'anarta baƙin ruwan matsarmama, wanda likitocin zamanin da, daga Galen har zuwa Ibn Sina, suka ɗauka cewa yawansa a jiki ne ke haifar da baƙin ciki. “Depression” kuma, a bakin likita, ciwo ne, wanda muke kira ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi da ƙunci ko rashin sha'awar komai da ke addabar mutum kusan kowace rana na tsawon aƙalla mako 2, sau da yawa tare da rikicewar barci da cin abinci. Abin da ke damuna shi ne yadda matasa ke jefa kalmar a kan kowane ɗan ɓacin rai, har ya zama wanda ke fama da ciwon na gaskiya ba a saurarensa. Idan kika ga waɗannan alamu a tare da wani naki, ki taimaka a kai shi wurin likita, domin ciwon yana da magani.