Amsa ga mai tambayar inda zai ajiye kuɗinsa

Ɗan'uwa, ka ce kana da sefa jaka ɗari biyar a ajiye, kullum farashin tiyar gero a kasuwar Dole ta Damagaram sai ƙaruwa yake, kana tambaya ko ka bar su a gida, ko ka kai banki, ko ka mayar da su naira.

Naira kam ka rabu da ita. Tun 2023 darajarta ta zube ƙwarai, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya. Matsalarmu a Damagaram tsadar kaya ce, kuɗin da ke kwance cikin akwati kuwa kowane wata abin da zai saya raguwa yake.

Babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, wato BCEAO, ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa daga 2022, har ya kai kashi 3,5 cikin ɗari a ƙarshen 2023. Wannan mai cin bashi ya fi shafa, don haka kada ka karɓi bashi in ba dole. Ruwan da asusun ajiya ke bayarwa kaɗan ne, kuma in kana gudun riba, ka nemi bankin Musulunci.

Ni da ni ne, da kaka zan sayi geron da iyali za su ci har damina, lokacin da yake da araha, da wake ɗan kaɗan a buhun da ba ya shan iska saboda ƙwari. In akwai wurin kiwo, a sayi ɗan rago a turke shi kafin Layya, amma fa sai ka lissafa dusa da harawa tukuna. Sauran ka bar shi kusa da hannu, don rashin lafiya ba ta jiran ranar kasuwa.