Zauren Maharbi: Barewar Amurka, Baka Mai Taya da Zaman Kan Bishiya

Salamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu uku na ɗauka a wannan wata, kuma bidiyo ɗaya ne ya haifo su, wanda ke yawo a wayoyin samarinmu daga Garwa har Marwa a arewacin Kamaru: Bature a kan bishiya a bakin gonar masara, baka a hannu, barewa na kiwo a ƙarƙashinsa.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Gyaran babur nake yi a Garwa, amma kakana maharbi ne, har yau kwarinsa na rataye a ɗakin babana. Mun yi gardama da abokaina a kan bidiyon nan. Sun ce barewar kiwo ce, don babu dabbar dajin da za ta zo taku ashirin ta tsaya wa mutum. Sun kuma ce babu dafi a kibiyar. Gaskiya ne? In na samu irin bakan nan, zan iya yin haka a gonarmu ta hanyar Lagdo? Ɗanka, daga Garwa.

Amsa: Ɗana, ina amsawa, Allah ya jiƙan kakanka. Abokanka sun ci gardama ɗaya, sun faɗi ɗaya. Dafi kam babu. Amma dabbar ta daji ce. Akwai masu kiwonta cikin shinge a can, sai dai wadda ake yi wa kwanto a gonaki babu mai ita, kuma ta fi gada tsoro.

Da idona na gani. Bayan na ajiye aikin bin sawu da na yi shekara 22 ina yi a yankunan farauta na wajen Faro, na je ziyara wurin ƙanena a Kolumbus, jihar Ohayo, a lokacin kakarsu. Wani abokin aikinsa, da ya ji sana'ata, ya ce lallai sai na zo gonar gidansu. Safiya uku muka yi tare a farkon Nuwamba, a kan kujerar ƙarfe ta mutum biyu mai tsani, ɗaure da kututturen bishiya, tsayin mita 5 daga ƙasa. Ban riƙe baka ba, don ba ni da lasisi. Kallo na yi.

Muna kiranta barewa ne don rashin wani suna, amma ta fi barewarmu girma nesa. Babban namiji yakan kai kilo 100. Ƙahon barewarmu da na gwanki, wanda suka girma da shi, da shi suke mutuwa. Na wannan kuwa ƙashi ne mai rassa, namiji ne ke da shi, yana zubar da shi kowace shekara a ƙarshen sanyi ya tsiro sabo. Ƙarƙashin wutsiyarta fari fat ne. Da ta ji abin da ba ta yarda da shi ba sai ta yi huci da ƙarfi, ta ɗaga wutsiyar ta zura, duk 'yan'uwanta su gani su bi ta.

To me ya kawo ta taku ashirin? Ba ta san da mutum a wurin ba ne, kuma aikin watanni ne ya sa ba ta sani ba. Da rana tana kwance cikin sarƙaƙiya. Da yamma ta fito ta ci masara da waken soya, ko 'ya'yan wata bishiya da suke kira ok, masu kama da ƙananan ƙwaran kaɗanya, da asuba ta koma. Mutumin nan tun bazara ya san turbar da take bi, ya kafa kujerarsa tun kafin lokaci domin dabbar ta saba da ganinta. Ya nuna mini ƙananan itatuwan da namiji ya goge wa ɓawo da ƙaho, da inda ya share ganye da kofato ya yi fitsari a ƙarƙashin wani reshe mai lanƙwasa. Duk maharbin da ya taɓa zama gindin ɓaure yana jiran mazo ya zo tsintar abin da birai suka zubar, ya san wannan karatu.

Babbar magana kuwa iska ce. Hancin dabbar nan shi ne ranta. Safiyar farko muna cikin duhu ya ciro wata 'yar auduga daga aljihu ya saki, yana haska ta yana duban inda ta nufa. Na karɓa na murza, sai na ji kamar audugar tumfafiya, kuma ashe dangi ne. Mu toka muke ƙullawa a tsumma mu kaɗa. Ran nan iska ta juya wajen makwancin dabbobin, ko awa ɗaya ba mu yi ba ya ce mu sauka. Ya ce in suka shaƙi warinmu sau ɗaya, bishiyar ta mutu har mako biyu. A nan na san da maharbi nake tare. Hawa sama yana taimakawa, don dabbar ta fi sa ido a ƙasa, kuma da safe in rana ta fara dumama wuri iska takan yi sama da warin mutum. Da yamma sai ta gangaro da shi, shi ya sa kujerar safe daban, ta yamma daban.

Nuwamba lokacin barbara ne, shi ne kaɗai lokacin da tsohon namiji ke sakin hankalinsa ya yi yawo da rana. A safiya ta uku, sanyi har yatsuna sun daina jin tsani, mace ta wuce da sauri. Bayan kamar minti biyar sai ga shi, wuya a kumbure, hanci a ƙasa, yana bin sawunta. Mutumin ya bari sai da kan dabbar ya shiga bayan wani kututture sannan ya ja tsirkiya. Ya yi ɗan kuka da baki kamar na ɗan akuya, namijin ya tsaya cak, ya ba mu gefe. Mita 18 ne. Kibiyar ta shiga bayan kafaɗa ta fita ta ɗaya gefen ta kafe a ƙasa.

Abin da ya sa ba sa bukatar dafi ke nan. Kibiyar kakanka kyauro ce mara nauyi, da ɗan ƙarfe mai kunne. Aikinta ta kai dafin ƙwanƙwani cikin jini, ko a cinya ta samu, dafin ya ƙarasa. Tasu tana da baki mai reza biyu ko uku, kuma ana neman huhu biyu ne ko zuciya. In ta samu wurin, dabbar ba ta wuce 'yan daƙiƙu. In ta kuskure, ta bar dabba da wahala, shi ya sa masu hankalinsu ba sa harbi sai kusa, galibi ƙasa da mita 30. Ga wani dalili kuma: kibiya tana tafiyar kamar mita 90 a daƙiƙa, ƙara kuwa tana yin mita 340, don haka ƙarar tsirkiya na riga kibiya isa kunne. Dabbar takan durƙusa don ta zabura, in da nisa sai kibiyar ta wuce ta sama.

Shi bakan mai 'yan tayoyi a kai da gindi, wani mutumin jihar Misuri ne, Holless Wilbur Allen, ya ƙirƙiro shi, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1969. Amfanin tayoyin shi ne, in ka ja har ƙarshe sai nauyin ya ragu da kamar kashi uku cikin huɗu, ka iya riƙewa kana jira hannu bai karkarwa ba. Iyakar sirrinsa ke nan.

Ba mu sauka nan da nan ba. Minti 40 muka ƙara a sama, don dabba mai rauni in ba a kore ta ba kusa take kwanciya. Da muka sauko ya ce in shige gaba. Jini ne mai haske da kumfa a kan busasshen ganye, jinin huhu. Na bi shi kamar mita 80, na same shi a gindin wata gangara ya riga ya cika. Kafin a ɗaga shi sai da mutumin ya cike takardar izininsa, daga baya ya sanar da hukuma ta waya. Namiji ɗaya ne rak doka ta ba shi a shekara. Daga ran nan, ko wanda ya fi wannan ƙaho ya zo gindin bishiyar, kallo ne nasa.

Wannan, ɗana, shi ne abin da bidiyon bai nuna maka ba. A farkon shekarun 1900 dabbar nan ta ƙare ƙaf a Ohayo, saboda saran daji da farautar kasuwa. A duk Amurka 'yan dubban ɗaruruwa suka rage. Aka hana sayar da namanta, aka sa lokacin buɗewa da na rufewa, a 1937 kuma aka yi dokar da ke zuba harajin bindiga da harsashi a kan kula da namun daji, daga baya aka haɗa da baka da kibiya. Sai a 1943 aka sake buɗe farautarta a Ohayo, a ƙananan hukumomi uku kawai. Yau ana ƙiyasta ta da kusan miliyan 30 a ƙasar, kuma a Ohayo kaɗai abin da ake ɗauka a shekara yakan haura 200,000. Ba a taɓa ta a watan Mayu da Yuni, lokacin da take haihuwa, sau da yawa tagwaye.

Ina yaro, dabbar dajin nan maraya garke-garke take sauka bakin Binuwai. Yanzu sai ka nufi gandun Binuwai ko Faro ko Buba Njida, can ma wayar tarko da kiwo da haƙar zinariya sun rage ta. Saboda haka kada ka taɓa jarin garejinka don bakan nan. Ka je gonarku da sassafe kwana bakwai a jere, ka duba sawun da ke bakin kunya. Ina zaton zomo za ka gani, da zabi, da gafiya, wataƙila gada ɗaya. Sannan ka sani tsohuwar dokar daji ta Kamaru ta 1994 ta kasa dabbobi gida uku, A da B da C, ta bar farautar gargajiya ga ƙananan dabbobi, don ci ban da sayarwa, da kayan da aka yi da itace da tsiro. Bakan Bature bai shiga nan ba. An yi sabuwar doka a Yulin 2024, don haka ka shiga ofishin ma'aikatar gandun daji a nan Garwa ka ji matsayinka kafin ka ɗauki ko kwarin kakanka.

Tambaya: Yaya, barka da aiki. Ɗana mai shekara 17 ya ɗaura katako a kan mangwaron gonarmu, yana kwana can wai yana jiran gadu da ke tone mana gyaɗa. Hankalina bai kwanta ba. Ƙanwarka, daga Ngong.

Amsa: Ƙanwata, kina da gaskiya, ki sauko da shi yau. A can Amurka ma, faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure raunata maharba, kuma yawanci wajen hawa ne ko sauka. Shi ya sa mai gonar nan bai bar ni na taka tsani ba sai da ya sa mini wata ɗamara mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, ya maƙala ta da igiyar da ta taso tun daga ƙasa. Bakansa ma bai hau da shi a hannu ba, sai da ya zauna ya jawo shi da siririyar igiya. Igiya a ƙugu kaɗai ba magani ba ce, in mutum ya rataye da ita numfashi take tsarewa. Ina da abokin aiki da barci ya sace a kan irin katakon nan, bai fi tsayin mutum biyu ba, yau shekara da shekaru da sanda yake tafiya. Ga zuma, ga maciji, ga reshen mangwaro da ba ya gargaɗi. Farautar dare da fitila kuma tsohuwar dokar 1994 ta hana ta. Ku kai kukan ɓarnar ga mai unguwa da ma'aikatan daji, yaron kuma ya yi gadi a ƙasa tare da manya, da wuta da gwangwani.

Tambaya: Malam, dabbar da kibiya ta kashe ba a yanka ba, ta halatta? Ɗalibi, daga Marwa.

Amsa: Malam ƙarami, ni maharbi ne, abin da malamanmu suka karantar da mu zan faɗa, ka kuma kai wa naka malamin. Musulmi in ya yi bisimilla lokacin sakin kibiya, ta huda dabbar daji ta zubar da jini, ya same ta ta cika, ana ci. In ya same ta da rai, sai ya yanka. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da ya huda da abin da ya buge da faɗinsa: na farko ana ci, na biyu ba a ci. Wuri ɗaya ne muka rabu da maharban can. Su in kibiya ta sami tumbi, wanda ake ganewa da jini mai kore-kore da wari, sukan bar dabbar ta kwana su nemo ta da safe. Imam Malik kuwa ya karhanta cin abin farautar da ya ɓace wa maharbi har ya kwana.

Naman ran nan ban ci ba, don a karatun da aka yi mana, yankan ma'abocin littafi daban, farautarsa daban. Na gaya wa mai gonar dalilina, bai ji haushi ba. Ranar da zan tafi ya ba ni ƙaho guda mai rassa huɗu, wanda 'yarsa ta tsinta a gonar waken soya a watan Maris bayan namijin ya zubar. Yana nan a zaurena. Ɗana mai gyaran babur, ka zo da abokan gardamarka ranar Juma'a bayan la'asar ku riƙe shi a hannu, ka taho mini da kwarin kakanka in gani.